Neman Zango a Ƙasashen Turai ga Mai Yawon Buɗe Ido da Ɗakin Ja

 Abin da za mu tattauna a yau, in Allah ya yarda, wata al'ada ce ta mutanen Turai wadda galibinmu ba mu saba da ita ba, ko da yake 'yan'uwanmu waɗanda neman ilimi ko aiki ko fatauci ya kai su can sun daɗe suna ganinta a kan hanyoyi, wasu ma har sun fara ɗanɗana ta. Wato al'adar nan ta mutum ya ɗaura wa motarsa wani ɗaki mai tayoyi, wanda a cikinsa akwai gado da murhu da makewayi, ya ja shi daga gari zuwa gari, ko daga ƙasa zuwa ƙasa, da rana yana kallon fadoji da kufai da sauran alamomin mutanen da suka shuɗe, da dare kuwa ya kwana a cikin abinsa. Za mu riƙa kiran wannan abu ɗakin ja, wanda kuma aka haɗa ɗakin da injin a jiki guda mu ce masa motar kwana, filin da ake sauka da su kuwa mu ce masa zango. Neman wannan zango, da sanin wanda ya dace da wanda bai dace ba, shi ne maƙasudin zamanmu na yau.

Asalin abin bai yi nisa ainun ba. A shekarar 1885 wani likitan sojan ruwa mutumin Sikotlan, mai suna William Gordon Stables, bayan ya yi murabus, ya sa aka ƙera masa wani ɗaki na katako wanda dawaki biyu ke ja, ya taso da shi daga kudancin Ingila har Inverness can arewacin Sikotlan, ba don ciniki ko ƙaura ba, sai don shaƙatawa da ganin ƙasa kawai, baransa kuwa yana gaba a kan keke mai ƙafa uku yana duba masa hanya. Masu hali suka yi koyi da shi, har a 1907 suka kafa ƙungiyar Caravan Club, wadda tana nan har yau, sai dai a 2017 ta ƙara sunan masu motar kwana a cikin sunanta. Amma abin bai zama na talakawa ba sai da aka fara ba ma'aikata hutu tare da biyan albashi, kamar yadda hukumar Faransa ta zartar a 1936, inda lebura da akawu suka sami mako biyu a shekara, ga sha'awar ganin teku, ga kuma aljihun da bai kai na otal ba. Daga nan zanguna suka yi ta tsirowa, har ya zamana a yau Faransa kaɗai tana da fiye da 7,000, babu wata ƙasa a Turai da ta kai ta.

Wataƙila wani mai sauraro ya ce, to mu ina ruwanmu, wa zai ja ɗaki daga Kano ko Damagaram zuwa Paris? Gaskiya ne, ba mai yin haka. Amma wanda ke zaune a Landan ko Hambug da iyalinsa, ko wanda Allah ya hore masa ya tafi hutu da 'ya'ya huɗu ko biyar, wanda in otal zai sauka sai ya kama ɗaki biyu ko uku, kuma kullum yana fama da shubuhar abincin da ake kawo masa, yana iya hayar motar kwana a can, ko ya kama ɗaya daga cikin ɗakunan da ake girkewa a zangunan domin baƙi, uwargida ta yi girkinta da hannunta, kuɗin kuma ya zo da sauƙi. Lasin tuƙi na ƙananan motoci ya wadatar matuƙar nauyin motar da kayanta bai haura kilo 3,500 ba, sai dai kamfanonin haya sukan nemi a haɗa da lasin ƙasa da ƙasa.

Abu na farko da ya wajaba a sani shi ne, ba a ko'ina doka ta yarda mutum ya tsaya ya kwana ba, ko da kuwa fili ne fetal babu kowa. A Ingila tun 1960 aka yi dokar da ta ce duk filin da za a riƙa saukar da ɗakunan ja sai an karɓo masa izini daga hukumar yankin. A Faransa an haramta sauka a gaɓar teku, da kuma duk wurin da bai kai nisan mita 500 daga wani ginin tarihi da hukuma ke karewa ba, wanda ke nufin cewa ainihin wuraren da mai yawon buɗe ido ya fi kwaɗayin kwana kusa da su, su ne aka fi tsanantawa a kansu. Holan ta hana kwana a waje da zango baki ɗaya. Har Sikotlan, wadda ta shahara da barin mutane su kafa tanti a daji, rangwamen nata na masu tafiya a ƙasa ne, bai shafi mai mota ba. Saboda haka neman zango larura ce, wanda ya yi sakaci da ita kuwa yana iya jin ƙwanƙwasar ɗan sanda a tsakar dare.

To, da me za a auna zango? A nan ne akasarin sababbin shiga ke kuskure, domin da zarar sun buɗe littafin jagora ko shafin intanet, abin da ke fara ɗaukar idonsu shi ne taurarin da aka jera a gaban sunan wurin, da hoton tafkin ninkaya, da furanni a bakin ƙofa, alhali kuwa waɗannan taurari, waɗanda a Faransa suke daga ɗaya zuwa biyar, abin da suke shaida kawai shi ne faɗin filin da za a ba ka, da yawan makewayi, da kayan wasan yara, da ko akwai mai jin harsunan baƙi a ofis. Ba sa gaya maka ko wurin yana da shiru, balle su gaya maka yadda za ka isa inda ka zo gani. Madugun fatake na zamanin da, in zai zaɓi inda ayari zai sauka, ba kyan inuwa kaɗai yake dubawa ba, sai ya tambayi ina ruwa, ina kiwo, yaya amincin wurin, kuma tafiyar nawa ce zuwa kasuwar da aka nufa, domin saboda kasuwar aka fito. Haka shi ma wanda ya fito ganin gari, a ra'ayinmu tambayarsa ta farko ita ce: daga ƙofar wannan zango, wace hanya ce za ta kai ni tsakiyar birni ba tare da na tayar da motata ba, kuma ƙarfe nawa bas ko jirgin ƙarshe yake komowa da dare?

Dalilin da ya sa muka fifita wannan tambaya a kan sauran shi ne, biranen Turai sun daɗe suna rufe ƙofofinsu ga motoci sannu a hankali. Landan, tun watan Agusta na 2023, ta faɗaɗa yankin nan da ake cajin tsofaffin motoci masu hayaƙi har ya game dukan unguwanninta, duk motar da ba ta cika sharaɗi ba tana biyan fam 12.50 a kowace rana. Paris da wasu biranen Faransa suna neman a manna wata takarda mai suna Crit'Air a gilashin mota, Jamus ma tana da irin tata. A Italiya kuwa tsakiyar tsofaffin birane irin su Rum da Fulorans an kewaye su da kyamarori, wanda ya kutsa ba da izini ba, ba wanda zai tsayar da shi a lokacin, sai bayan watanni takardar tara ta iske shi a gida, ko kamfanin haya ya cire daga asusunsa. Ko da ma babu doka, lungunan da aka gina domin jaki da alfadari shekaru ɗari bakwai da suka wuce ba za su ɗauki mota mai tsawon mita bakwai ba. Shi ya sa zangunan da masana wannan harka ke yabo sau da yawa ba su ne mafiya ƙawa ba: akwai na dajin Boulogne a gefen kogin Seine, wanda daga gare shi bas ke kai mutum tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, akwai na Abbey Wood a kudu maso gabashin Landan, wanda tsakaninsa da tashar jirgi 'yar tafiyar ƙafa ce, akwai kuma na Fusina da na Punta Sabbioni, inda ake barin mota a tudu a shiga jirgin ruwa zuwa Venis, birnin da mota ba ta yawo a cikinsa sam.

Bari mu ɗauki misali guda mu tsaya a kansa, wato ƙasar Andalus da ke kudancin Sifaniya, domin in akwai wani yanki na Turai da almajirin ƙasar Hausa zai taka ya ji kamar ya san shi tun a zaure, to shi ne. Daga Ƙurɗuba mai tafsirin nan da malamanmu ke ambato ya fito, Ibn Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, wadda yanzu ake kira Jaén, Ibn Asim mai Tuhfa kuwa alƙalin Garnaɗa ne. Mai ziyara galibi birane uku yake nufa: Ishbiliya, wato Seville, da Ƙurɗuba, da Garnaɗa. Tsakanin Ishbiliya da Ƙurɗuba kimanin kilomita 140 ne, jirgin ƙasa mai sauri kuwa yana cinye wannan tazara cikin ƙasa da sa'a guda. Saboda haka mai hankali ba ya buƙatar zango uku, biyu sun ishe shi. Ya sauka a wajen Ishbiliya, ta wajen garin Dos Hermanas misali, inda bas ke shiga birni, ya yi kwanakinsa, ya ware yini guda ya tafi Ƙurɗuba a jirgi ya ga babban masallacin da Abdurrahman ad-Dakhil ya fara ginawa wajen shekarar 785, ya komo ya kwana inda ya saba, maimakon ya naɗe kaya, ya kwance igiyar wuta, ya zubar da ruwa, ya ɗaura ɗaki, ya sake warwarewa a wani wuri, aikin da shi kaɗai yana cin rabin yini. A nan ya kamata mu faɗakar cewa wannan masallaci tun 1236 aka mai da shi majami'a, kuma masu kula da shi ba sa barin a yi salla a ciki, don kada wani ya je da wata niyya ya ji kunya a gaban iyalinsa.

Daga Ishbiliya sai ya ƙaura zuwa Garnaɗa, tafiyar kimanin kilomita 250, ya nemi zango a ƙauyukan da ke gindin duwatsun Sierra Nevada, irin su La Zubia, waɗanda bas ke haɗa su da birni. Sai dai a nan tsarin yana juyawa, domin fadar Alhamra, wadda sarakunan Banu Nasr suka zauna a cikinta har mulkinsu ya faɗi a 1492, ba a shigarta sai da tikitin da aka rubuta sunan mutum a kai, kuma sashen fadojin sarakuna an ƙayyade wa kowa sa'ar shigarsa, tikitin kuwa a lokacin cunkoso yakan ƙare tun da sauran makonni. Hikima ita ce a fara mallakar tikitin, sa'an nan a kama zango a kwanakin da suka kewaye ranar, ba a kama zango tukuna a zo ana neman tikiti ba. Wanda ya dace da Juma'a kuma, akwai masallaci a unguwar Albaicín, wanda aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhamra daga tsallaken kwari.

Bayan hanya, sai ƙasar da za a sauka a kanta, kuma wannan magana ce ta rai. Ranar 7 ga Agusta, 1996, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan duwatsun Pyrenees, kusa da garin Biescas a arewacin Sifaniya, ambaliya ta gangaro ta wani kwazazzabo ɗauke da duwatsu da itatuwa, ta afka wa wani zango da aka gina daidai inda kwazazzabon ke zubar da abin da ya ɗebo, mutum 87 suka rasu a cikin 'yan mintoci. Kafin wannan, a 1987, irin haka ta faru a Le Grand-Bornand a Faransa, inda mutum 23 suka halaka. Wurin da ya fi kyau a hoto, wato shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa a bakin rafi tsakanin duwatsu, sau da yawa ruwa ne ya shimfiɗa shi, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Don haka in an ba ku zaɓi, ku ɗauki tudu, ku karanta allon da ke nuna hanyar fita in ta ɓaci, a kudancin Turai kuma ku lura da dazuzzukan da ke kama wuta da rani. Zancen zafi ma ba na rainawa ba ne, kada wani ya ce ai mu 'yan rana ne: Ƙurɗuba da Ishbiliya a watan Yuli da Agusta sukan haura digiri 40, ɗakin ja kuwa kwano ne da roba, in babu inuwa ba ya shiguwa tun daga hantsi har la'asar sakaliya.

Wannan ya kawo mu ga lokaci. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta makarantu suna hutu, Turai duka tana kan hanya, kuɗin zango yana ninkawa, wuraren bakin teku kuma sai wanda ya kama tun da watanni. Watannin Mayu da Yuni da Satumba sun fi sauƙi ta kowace fuska, in ban da Ishbiliya a makon bikinta na bazara, lokacin da ko wurin shimfiɗa tabarma yana wuya. Akwai wani kamfani na Holan mai suna ACSI, wanda ke aika masu duba zanguna kowace shekara, yana buga littafin jagora, yana kuma sayar da katin rangwame da ke aiki a wajen lokacin cunkoso. Ƙungiyar direbobin Jamus, ADAC, ita ma tana da nata jagoran. Mai neman araha da shiru a Faransa ya nemi zangunan da hukumomin garuruwa ke gudanarwa, domin galibi suna gefen gari, ana isa kasuwa da ƙafa. A Ingila kuwa waccan doka ta 1960 ta bar wata kafa, inda manomi zai iya saukar da ɗakuna biyar a gonarsa in ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ta ba shi shaida, amma sai 'yan ƙungiya ake karɓa. Akwai kuma ƙananan matsayai da ke cike a garuruwan Faransa da Jamus, masu arha ƙwarai, wasu ma kyauta, sai dai na motar kwana ne kaɗai, mai ɗakin ja ba shi da rabo a cikinsu.

Kafin a biya kuɗi, akwai 'yan tambayoyi da ya kyautu a aika wa masu wurin. Ƙarfin wutar da suke bayarwa nawa ne? A Ingila galibi amfiya 16 ne, amma a sauran ƙasashen Turai sau da yawa 10 ne ko 6, kuma amfiya 6 ba ta wuce wat 1,380 ba, butar lantarki ta gida kuwa tana jan wat 2,000 ko fiye, da an kunna ta wuta ta ɗauke, wani lokaci har da ta maƙwabta. A faɗa musu tsawon mota da na ɗaki tun da wuri. A tambayi lokacin da ake rufe ƙofa, domin galibi daga ƙarfe goma na dare mota ba ta shiga ba ta fita sai da safe, a Jamus ma wasu suna rufewa tsakanin ɗaya da uku na rana saboda ƙailula. Tukunyar gas ɗin wata ƙasa kuma ba lalle a karɓe ta a musanya a wata ba, don bakinsu ya sha bamban.

Sauran abin da ya rage ya shafi mai iyali Musulmi musamman, wanda littattafan jagora ba domin shi aka rubuta su ba. A Faransa da Kuroshiya da Jamus akwai zangunan da aka keɓe domin masu al'adar zama tsirara, ana yi musu alama da kalmar naturiste ko haruffan FKK. A duba da kyau kafin a kama, don kada arha ta ja mutum inda zai yi da-na-sani tun daga bakin ƙofa. Manyan zangunan bakin teku masu taurari biyar kuwa, mashaya da kiɗa har tsakar dare suna cikin abin da suke tallatawa, saboda haka ƙaramin wuri a bayan gari ya fi dacewa da mai son kamun kai. A tafi da buta, domin makewayinsu ba a tanadi ruwan tsarki a ciki ba. A kuma tuna cewa alƙibla ta sauya: mu a nan muna fuskantar gabas da ɗan karkata arewa, a Andalus kuwa gabas ce da ɗan karkata kudu, a Landan ma kudu maso gabas ce, inda a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Game da ƙasaru, abin da ke cikin littattafanmu na Malikiyya shi ne, tafiyar da ta kai mil 48 ana rage salloli masu raka'a huɗu a cikinta, amma da zarar matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, hukuncin mazauni ya hau kansa. Ke nan wanda ya kama zango na mako guda a Ishbiliya zai cika sallarsa tun daga saukarsa, sauran rassan mas'alar kuwa sai a koma ga malamai.

Wanda zai taso daga Nijeriya ko Nijar ko Gana, ya sani cewa ofishin jakadanci zai nemi shaidar inda zai kwana kafin a ba shi bizar Shengen, wato ta shiga galibin ƙasashen Turai, tare da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, bizar kuma ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, Ingila kuwa tata bizar daban ce. Bature yana iya tashi ba tare da ya kama ko'ina ba, ya sauka duk inda magariba ta riske shi, amma mai fasfo irin namu ba shi da wannan sarari, sai ya tsara zangunansa tun daga gida, ya karɓi takardar tabbaci daga kowannensu ɗauke da sunansa da ranakun saukarsa da tashinsa, ya haɗa da takardar hayar mota, ya kuma zaɓi waɗanda ke mayar da kuɗi in an fasa, domin amsar biza tana iya jinkiri har ranar tafiya ta wuce.